Kamara ta zo ranar kamu, ba ta zo ranar saki ba



Yau za mu taɓa wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, kuma tun farko mu faɗa muku gaskiya, da hannunmu a ciki. Mu ma'aikatan rediyo ne a nan Maraɗi. Shekara goma sha ɗaya ke nan muna gaban makirfo, muna karanta labarai da Hausa da Faransanci, muna kuma gabatar da shirin da masu saurare ke bugo waya. Abin da za mu ba ku ba hirar fada ba ce, a gabanmu ya faru.

Kowa ya san hoton. Da dare ana kallon labarai a tele, sai a nuno harabar wata komisariya. An ajiye tebur, an jera wayoyi da adduna da ƙwayoyin tramol, ga babura biyu ko uku a jingine. Bayan kayan ga samari zaune a ƙasa, an haɗa su biyu-biyu da ankwa, wasu ko riga babu. Jami'i ya fito da kaki a goge, ya yi bayanin yadda aka kama su, ya rufe da kiran jama'a su ba da haɗin kai. Mu kuma a gida mu ce, "Allah shi ƙara, Allah shi tona asirin sauran." Washegari hoton ya shiga WhatsApp, kafin azahar ya zagaye gari. Wani lokaci kuma a yi dogon shiri na musamman, kamara ta bi 'yan sanda sintirin dare, a sa kiɗa mai tayar da hankali, a nuna yadda ake fasa ƙofa.

A cikin irin wannan jeri ne wata rana aka nuno wani yaro mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ba za mu faɗi sunansa ko unguwarsu ba, abin da aka yi masa ya isa. Wani ne ya kawo masa wayoyi uku ya buɗe musu lamba, ya karɓi jika biyu kuɗin aikinsa. Ashe wayoyin na fashi ne. Da aka kama masu fashin suka ambaci rumfarsa, aka zo aka tafi da shi. Kama shi don bincike ba laifi ba ne, aikin 'yan sanda ke nan. Amma kwana biyu bayan haka aka zaunar da shi a tsakiyar 'yan fashin, a gaban kamara. An ɗan shafe fuskokin a tele, sai dai shafewar ba ta hana komai ba. Rigar ƙwallon da kowa ya san shi da ita tana jikinsa, kuma a wajen akwai masu ɗauka da waya waɗanda ba su shafe komai ba.

Mu ma muna wurin da na'urar naɗar murya. Da yamma muka karanta sanarwar kamar yadda aka miƙo mana ita. Da Faransanci an rubuta kalmar da ke nufin waɗanda ake zargi, amma da muka zo fassarar Hausa sai muka ce "gungun ɓarayi", don ya fi daɗin faɗa kuma ya fi shiga kunne. Muka ambaci haruffan farkon sunansa da shekarunsa da sana'arsa da kasuwar da yake zama. A garin da kowa ya san kowa, wannan daidai yake da kiran sunansa da na mahaifinsa. Muka gama, muka sa tallar shinkafa, muka tafi gida muka yi barci.

Bayan wata biyar, muna shirin shiga situdiyo, mai gadi ya ce wata tsohuwa tana jiranmu tun safe. Muka fito muka tarar da ita zaune a kan benci, da wata takarda a naɗe cikin leda. Muka durƙusa muka gaishe ta.

"Inna, ina kwana? Lafiya dai?"

Ta ce, "Lahiya lau ɗana. Kai na mai karanta labarai?"

Muka ce e.

Ta miƙo takardar. "Ku kunka hwaɗa ma duniya an kama yarona. To ga shi an sako shi, alƙali ya ce ba shi da laihi. Ku hwaɗa ma duniya kamar yadda kunka hwaɗa da hwarko. Shi kaɗai na zo nema."

Takardar alƙali mai bincike ce, wadda ake ce wa non-lieu, ma'ana babu hujjar da za a gurfanar da shi gaban shari'a. Ga hatimi, ga sa hannu. Yaron ya yi wata biyar a gidan kaso kafin a kai ga wannan takarda.

Muka kai maganar gaban na sama da mu. Amsar da aka ba mu ita ce wannan ba labari ba ne, in tana so ta biya a sa mata a filin sanarwa, tsakanin ɗaurin aure da cigiyar akuya. Ba mu ga laifin mutumin shi kaɗai ba, don haka muka saba aiki dukanmu: kamu labari ne, saki kuwa harkar iyali ce. A ƙarshe muka karanta takardar a cikin shirinmu na waya, ba tare da neman izini ba. Bai fi daƙiƙa arba'in ba. Ranar kamu an ba shi minti huɗu a tele, an maimaita da Hausa da Zabarmanci, mu ma mun maimaita sau uku. Ranar saki ya samu daƙiƙa arba'in a rediyo ɗaya, lokacin da rabin gari ke kasuwa.

Abin da ya biyo baya kuna iya hasashe. Gidan yarinyar da aka sa musu rana sun maido da kaya tun yana tsare, kuma takardar alƙali ba ta sa sun canza shawara ba. Rumfarsa wani ya shige. Yaran unguwa suka laƙaba masa "ɗan tele". Wa zai miƙa wayarsa ga wanda ya gani da idonsa a cikin 'yan fashi? Bai yi wata biyu ba ya haɗa kayan aikinsa ya tafi Agadas. Shari'a ta wanke shi, amma hoton yana nan a wayoyin mutane har gobe.

Duk lokacin da muka tuna tsohuwar nan sai ƙissar Annabi Yusuf, alaihis salam, ta faɗo mana. Da sarki ya aika a fito da shi daga kurkuku bai yi rawar jiki ya fito ba. Sai da ya nemi a koma a binciki matan nan, a bayyana a gaban sarki cewa ba shi da laifi, sannan ya fito. Tun muna makarantar allo muke jin wannan ƙissa, amma sai a kan bencin nan muka gane ta. Buɗe wa mutum ƙofar kaso abu ɗaya ne, maido masa da sunansa wani abu ne dabam. Tsohuwar ba ta yi lakwal ba, amma ta fi mu sanin wannan.

Bari mu gaya muku yadda ake haɗa irin waɗannan shirye-shirye, tunda aikinmu ne. Galibi ba ɗan jarida ke gano labarin ba, kiran sa ake yi. A ce gobe ƙarfe goma ku zo. Wani lokaci a motarsu za a kai ka, in an gama a ba ka ɗan kuɗin mai. Ka iso ka tarar an riga an jera komai. Mai kamara yana tsaye, waɗanda ake zargi suna zaune a ƙasa, saboda haka duk mai kallo daga sama yake kallon su. Makirfo yana bakin jami'i. In an miƙa shi ga wanda aka kama, tambaya ɗaya ce, "Ka yi nadama?", kuma ga wanda ya kama shi tsaye a kansa. Me kuke tsammani zai ce? Daga nan a shiga ɗakin montaj, a mayar da awa uku minti huɗu. Wanda ya zaɓi minti huɗun nan shi ne ya yanke hukunci, tun alƙali bai buɗe fayil ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma da wannan karin maganar ce tele ke cin mu. In a rediyo muka faɗi abu, mai saurare yana iya cewa "ƙila". In ya gani a tele ko a waya, sai ya ce ai da idona na gani. Alhali abin da ya gani shi ne abin da aka ga damar nuna masa. Bai ga wanda ya kawo wayoyin rumfa ba, bai ga jika biyun ba, bai ga ofishin alƙali ba.

Kada ku ɗauka mu kaɗai ke da wannan ciwo. A Amurka akwai wani shiri mai suna Cops da aka fara a 1989, kamara tana bin 'yan sanda a mota suna kame. Ya yi fiye da shekara 30 ana nuna shi, kuma sananne ne cewa hukumomin 'yan sandan da ake bi suna da damar duba hotunan kafin a watsa. To yaya za a yi su bar abin da zai kunyata su ya fita? Wani shirin irinsa, Live PD, yana wurin a watan Maris na 2019 a jihar Texas lokacin da wani mutum mai suna Javier Ambler ya mutu a hannun jami'ai bayan sun bi shi da mota. Kamarar shirin ta ɗauki abin, amma ba a taɓa nuna shi ba, daga baya ma aka ce an goge hoton. A watan Yuni na 2020 aka dakatar da shirye-shiryen biyu, kuma a 2021 jihar Texas ta yi doka ta hana 'yan sandanta ƙulla yarjejeniya da irin waɗannan shirye-shirye. Darasin dai shi ne, kamarar da ta shiga motarka ba za ta iya yi maka shaida ta gaskiya ba.

Masu Canal+ a gida sun san tashoshin Faransa ma suna da irin nasu, amma ku lura, fuskar wanda aka kama a rufe take ruf. Ba kirkin 'yan jaridarsu ne ya kawo haka ba, doka ce. Tun 15 ga Yuni 2000, a Faransa laifi ne a watsa hoton mutumin da za a iya gane shi yana sanye da ankwa, ba da yardarsa ba, matuƙar kotu ba ta yanke masa hukunci ba. Tarar ta kai Yuro 15,000, kusan miliyan 10 na sefa. Mun kwaso abubuwa da yawa na shari'a daga wurinsu, har da waɗanda ba su amfane mu ba. Wannan da zai kare mutuncin talaka bai zama al'adarmu ba.

Kuma ba wai ƙa'idar baƙuwa ce a wurinmu ba. Tun muna koleji aka karantar da mu cewa duk wanda ake tuhuma marar laifi ne har sai kotu ta tabbatar da laifinsa. Yana cikin sashe na 11 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, yana cikin sashe na 7 na yarjejeniyar Afirka ta 1981, kuma addininmu ya riga su, domin a kan mai ƙara hujja take. A laifuffuka na yau da kullum, tsarewar komisariya awa 48 ce, sai da izinin mai gabatar da ƙara ake ƙara ta. Wato wanda kuke gani a tele galibi yana cikin kwanakin farko ne, bai ga alƙali ba, wani ko lauya bai taɓa gani ba a rayuwarsa. Mun haddace wannan don cin jarrabawa, muka manta da shi a gaban makirfo.

Amma ba za mu yi wa 'yan sanda abin da muke kukan an yi wa yaron ba, wato mu yanke hukunci ba mu ji ta bakinsu ba. Muna da aboki, benci ɗaya muka zauna da shi tun aji na farko a koleji, yanzu sufeto ne. Wata rana muna shan shayi muka kawo masa maganar. Ya yi shiru har aka zuba na biyu, sannan ya ce:

"Mon frère, kana ganin daɗi muke ji? In mun kama ɓarawo ba mu nuna shi ba, gobe a fadarku za a ce mun karɓi kuɗi mun sake shi. In mun kai shi kotu aka ba da belinsa, mai kaya ya gan shi a kasuwa, mu za a zaga, ba wanda zai je ya tambayi alƙali. Nuna shin da muke yi, rasit ne muke ba jama'a. Kuma ka sani, sau nawa wani ya ga babur ɗinsa a tele ya zo ya karɓa?"

Muka ce to yaron fa? Ya ce yaron ya ba shi tausayi, amma su nasu kamu ne, saki na alƙali ne, ba a ma sanar da su. Sai ya juyo mana da tambayar. "Kai da kake maganar adalcin kamara, ina kamararku take daren da muka kwana neman yarinya 'yar shekara huɗu da ta ɓata, da man da muka zuba daga aljihunmu? Ina take ranar Sallah, kuna gida da iyalinku mu muna tsaye a rana? Amma bari wani daga cikinmu ya karɓi dala ɗari a hannun ɗan kabu-kabu, kafin magariba an gan shi har Tawa. Wake ɗaya ya ɓata gari."

Ba mu da amsa, don gaskiya ya faɗa. Sai dai maganarsa ta nuna mana zurfin ramin. Suna nuna waɗanda aka kama ne don jama'a ba su yarda da su ba. Da akwai yarda, ba a buƙatar rasit. Kuma rasit ɗin nan da mutuncin wani ake biyan sa.

Kamarar waya da abokinmu yake kuka da ita, ita ma tana da ranarta. A 25 ga Mayu 2020, da aka kashe George Floyd a Minneapolis, sanarwar farko ta 'yan sanda ta nuna kamar rashin lafiya ce ta same shi. Wata yarinya 'yar shekara 17 ce ta ɗauki abin da wayarta, kuma hoton nan yana cikin abin da ya sa kotu ta samu ɗan sandan da laifin kisa a 2021. Ba don ita ba, da maganar ta bi ruwa. Amma wayar nan dai ita ce ke kawo mana daƙiƙa ashirin na duka ba tare da abin da ya faru kafin nan ba. Sau da yawa ana turo mana hoto a ce jiya ne a Maraɗi, mu duba mu ga kakin ma ba na ƙasarmu ba ne, ko abin ya shekara biyar. Mu kuma tuna wa masu saurin turawa cewa akwai dokar laifuffukan intanet ta 2019, kuma a 2024 an maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da watsa abin da zai tayar da hankalin jama'a. Magana zarar bunu ce, hoto ma haka.

Ga mu nan tsakanin kamara biyu. Ɗaya tana nuna ɗan sanda kullum jarumi, ɗayar tana nuna shi kullum azzalumi. Kowacce ta yanke farkon labari da ƙarshensa ta ba mu tsakiya. Mutum kuwa ba wawa ba ne. In ya kalli shirin jarumta da dare, da safe aka tare shi a hanya aka karɓi na goro ba rasit, ba ɗan sandan kaɗai zai daina yarda da shi ba, har da tele ɗin da mu 'yan jarida.

Mun taɓa yin tambaya a shirinmu: in an sace maka babur yau, ina za ka fara zuwa? Wani ya ce wurin mai unguwa. Wani ya ce wurin malam. Wani ɗan kabu-kabu ya ce wurin shugaban tasharsu, don su sun san inda ake kai kayan. Wasu sun ce komisariya, amma kusan kowannensu sai ya ƙara da "in ka san wani a ciki". Sai wata mata ta bugo ta ce ita kam ba ta san kowa ba, ta je da kuka an sace mata kuɗin adashi, wani jami'i ya ba ta kujera da ruwa, ya rubuta maganarta da Hausa tana faɗa yana maimaita mata, bai karɓi ko dala ba. Kuɗin ba su dawo ba, amma ta ce ko gobe can za ta koma. Mun daɗe muna tunanin wannan kira. Ba abin da ta gani a tele ne ya sa ta yarda ba, kujera da ruwa ne.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a jiharmu. Ku tambayi mutanen karkarar Madarunfa da Gidan Runji, inda satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa suka hana barci. Jami'an tsaro, ko 'yan sanda ko jandarma ko garde, ba za su san hanyar da ɓarayi ke bi ba sai wani ya gaya musu. Mutumin ƙauye kuwa ba zai buɗe baki ba sai ya tabbata cewa sunansa ba zai fita ba, kuma ba za a juya a zaunar da shi a gaban kamara ba don an ga lambarsa a wata waya. A cikin gari ma, inda yarda ta ƙare nan ake ɗaukar doka a hannu. A yi ihun "ɓarawo!" a kasuwa, kafin a kira 17 an gama da mutum. Wanda ya saba ganin an hukunta mutane a tele ba tare da alƙali ba, ba zai ji nauyin yin hakan da hannunsa ba.

Ana iya yin fim na gaskiya? Ana iyawa, kuma 'yar ƙasarmu ta nuna. A 2021 Aïcha Macky, haifaffiyar Damagaram, ta fitar da fim mai suna Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara, 'yan palais, irin waɗanda ba ma ganin su a tele sai a zaune a ƙasa. Ba ta wanke su ba. Ta nuna fasa-ƙwaurin mai da tabon sara da gidan kaso. Amma ta zauna da su ta daɗe, ta bar su sun yi magana da bakinsu, har mai kallo ya san cewa kowannensu yana da uwa da tarihi. A shirinmu an yi gardama sosai, wasu suna cewa ta tona asirin gari. Mu dai abin da muka ɗauka shi ne ta ba da lokaci. Muna fata wata rana wani zai yi wa komisariya irin wannan zama, wata shida ko shekara, da motarsa da mansa, ya nuna mai kujera da ruwa, ya nuna mai karɓar dala ɗari, ya bi fayil ɗaya tun daga kamu har hukunci.

Kafin wannan rana, ga roƙonmu. Mu fara da kanmu, don laifi tudu ne. 'Yan uwa 'yan jarida, kalmar "wanda ake zargi" ba ta fi ƙarfin bakinmu ba, mu daina ajiye ta a Faransanci muna jefar da ita a Hausa, alhali masu jin Hausar su ne maƙwabtan mutumin. Kada mu faɗi sana'a da unguwa da kasuwa sannan mu ce mun ɓoye suna. Duk wanda muka ba da labarin kama shi, bashi ne a kanmu mu bi mu ji yadda ta ƙare, mu faɗa a lokaci ɗaya da tsawo ɗaya, kyauta.

Ga shugabannin 'yan sanda, da girmamawa: ku nuna kayan, masu su za su gane abinsu, amma mutanen ku bar su sai kotu ta yi magana, ku kuma hana masu waya shiga harabar. In kuna son rasit da jama'a za su yarda da shi, ku riƙa fitowa lokaci-lokaci kuna cewa cikin waɗanda muka kama, kaza an ɗaure, kaza an sake. Ranar da jami'inku ya yi ba daidai ba aka hukunta shi, ita ma ku faɗa. Ba zai rage muku kwarjini ba. Wanda ya iya faɗin laifin gidansa, in ya faɗi na waje an fi gaskata shi.

Mu kuma jama'a, mu ne kasuwar wannan haja. Mu ke turawa, mu ke dariya, mu ke laƙaba suna. Mu ne kuma muke naɗe dala ɗari cikin takardun babur tun ba a tambaye mu ba, sannan mu koma fada mu ce sun lalace. In an turo maka hoton ɗan wani a ankwa, kafin ka danna ka tambayi kanka ko za ka tura takardar sakinsa in ta fito.

Mu dai tun ranar tsohuwar nan muka sayi ƙaramin littafi. Duk sanarwar kamu da muka karanta sai mu rubuta kwanan wata da adadin mutanen, bayan wata uku mu je kotu mu tambaya. Ba kullum ake ba mu amsa ba, wani lokaci sai mun yi sawu huɗu. Da yawa an same su da laifi, mun faɗa. Wasu an sake su, su ma mun faɗa.

Kwanakin baya mun je gaishe da ita. Ta ce yaron yana lafiya a Agadas, ya buɗe rumfa, yana aiko mata da abin cefane. Muka ce, "Inna, ki roƙar mana shi gafara." Ta ce ya daɗe da yafewa, amma ya ce ba zai dawo ba sai yaran unguwa sun manta da sunan nan. Ta yi dariya kaɗan ta ce, "Ka san yara ba su mantuwa."

Allah ya kare mutuncinmu da na 'ya'yanmu, ya taimaki jami'anmu masu gaskiya, ya shiryi masu kuskure a cikinsu da cikinmu, ya ba ƙasarmu Nijar zaman lafiya. Amin.